Facalata ba ta rama mini biki ba, na daina amsa sallamarta

Tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malama. Ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato. Matsalata da facalata ce, matar ƙanen maigidana. Shekarun baya da ta yi wata haihuwa aka yi mata aiki, ni na yi jinyarta a asibiti har aka sallame ta, na bar gidana da yarana. A 2021 da ta aurar da ɗiyarta ta fari na kai mata naira 50,000 da turmin atamfa biyu, ban da aikin da na sha. Bana na aurar da tawa ɗiyar. Malama, naira 10,000 ta ɗunƙula mini a hannu da wata 'yar kula, kuma ko kai amarya ba ta tsaya ba. Na san albasar mijinta ta lalace masa bara, amma ai ta yi anko. Abin ya ci mini rai, na faɗa wa 'yan'uwa abin da na yi mata da abin da ta saka mini da shi, magana ta koma kunnenta. Na rantse ba zan ƙara taka gidanta ba, na kuma hana yarana zuwa. Wata takwas ke nan. Kwanan baya mun haɗu wurin gaisuwar rasuwa a Gidan Igwai, ta yi wa ɗaki sallama, sannan ta matso ta yi mini tawa ni kaɗai, na amsa a zuci na kau da kai. Ta turo mini sallama ta WhatsApp ma ban amsa ba. A Islamiyya an karanta mana ayar da ta ce sakamakon kyautatawa shi ne kyautatawa, da wadda ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta. To ba ita ce ta saɓa wa ayoyin ba? Ni ce babba, ni kuma aka zalunta. Ina da laifi?

Daga wata baiwar Allah, Mabera.

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh, Hajiya. Allah ya sanya albarka a auren ɗiyarki, ya zaunar da ita ɗakinta lafiya.

Kin yi tambaya ba kwana-kwana, to ga amsa ba kwana-kwana: kina da laifi, kuma ba ƙarami ba. Ban ce facalarki ta fita fes ba, ban kuma ce ɓacin ranki na banza ne ba. Akwai ma inda fiƙihu ya tsaya miki a maganar biki, za mu zo wurin. Amma abu biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya, bashin biki da haƙƙin sallama. Kin riƙe na biyu don ki karɓi na farko, alhali shari'a ba ta ba ki sallamar Musulma a matsayin jingina ba.

Ki koma kan ayar da kika kafa hujja da ita, aya ta 86 a Suratun Nisa'i. Allah ya ce idan an gaishe ku da wata gaisuwa, ku gaisar da wadda ta fi ta kyau, ko ku mayar da irinta. Da wa ake magana? Da wanda aka gaisar. To a ɗakin makokin nan na Gidan Igwai wa aka gaisar? Ayar ba ta ware wanda ya biya ku biki da wanda bai biya ba, kuma da ta zo ƙarshe sai ta ce Allah mai lissafi ne a kan kowane abu. Duk wadda ta taɓa biya Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ba ya ɓacewa a zaurukan malaman garin nan, ta san hukuncin: fara sallama sunna ce da aka kwaɗaitar a kanta, amsa ta kuwa wajibi ne. A nan dai aka ce idan mutum ɗaya cikin jama'a ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Don haka sallamar farko da ta yi wa ɗaki, matan da suka amsa sun sauke miki nauyinta. Ta biyun da ta matso ta yi miki ke kaɗai, babu mai ɗaukar miki ita. Amsa a zuci kuwa ba amsa ba ce. Malamai irin su Imam Nawawi sun faɗa ƙarara cewa sai an ɗaga murya gwargwadon yadda mai sallamar zai ji, domin haƙƙinsa ne, kuma ba a biyan mutum haƙƙinsa a inda bai sani ba.

Ki kuma tuna a wane gari kike. Nan ne ake tsayawa a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi ɗiya, a tambayi zafi, kafin a zo kan abin da ya kawo mutum. A irin wannan wuri, shirun da kika yi kowa a ɗakin ya ji shi, kuma a gidan mutuwa kika yi shi, inda ake tsammanin zuciya ta yi laushi.

Hadisin Abu Ayyub Al'ansari, wanda Imam Malik da Bukhari da Muslim duk suka kawo, kamar a ɗakin nan aka faɗe shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. An ba ki kwana uku ki huce, don addini ya san ɗan Adam yana fushi. Ke kin ɗauki wata takwas. Kuma a naku lamarin ba ma mutum biyu ne suka kau da kai ba, ɗaya ce. Kin ce ke ce babba. Haka ne, hadisi ya ce ƙarami ke yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune. To ai ƙaramar ta yi. Ta yi a gaban mutane, ta sake yi a waya. Girman da kike magana a kansa ta ba ki shi, ke ce ba ki karɓa ba, ita kuma ta tafi da matsayin wadda ta fara.

Ina so ki ji nauyin abin da kike yi mata daga bakin wanda aka taɓa yi wa. A shekara ta 9 bayan hijira aka fita yaƙin Tabuka, Ka'abu bin Malik da Murara bin Rabi'i da Hilalu bin Umayya suka zauna ba tare da uzuri ba. Da aka dawo ba su yi ƙarya ba, sai Annabi (SAW) ya hana mutane yi musu magana. Ka'abu da kansa ya ba da labarin. Ya ce yakan je masallaci, bayan salla ya yi wa Annabi sallama, sai ya riƙa tambayar kansa: shin ya motsa leɓɓansa ya amsa, ko bai motsa ba? Da abin ya yi masa tsawo ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma wanda ya fi so cikin mutane, ya yi masa sallama. Ya ce wallahi bai amsa mini ba. Ya haɗa shi da Allah sau uku, ko ka san ina son Allah da Manzonsa? Abin da ya samu kawai shi ne, Allah da Manzonsa ne suka fi sani. Hawaye suka zubo masa, ya sake haurawa ya fita. Kwana 50 suka yi a haka, har Allah ya siffanta halinsu a Suratut Tauba, aya ta 118, da cewa ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta. Hajiya, wannan horo ne da Annabi ya yanke, a kan ƙin fita yaƙi a lokacin tsanani, kuma ya ƙare a kwana 50. Ke kin yanke wa matar ƙanen mijinki irinsa, da kanki, a kan gibin naira 40,000 da atamfa, kin kuma ninka kwanakin fiye da sau huɗu.

A cikin labarin akwai wani ɗan abu da nake so. Ranar da aka karɓi tubarsu, Ka'abu ya shiga masallaci, Ɗalha bin Ubaidullahi ya taso da sauri ya yi masa musafaha ya taya shi murna. Cikin Muhajirai shi kaɗai ya taso, Ka'abu kuma bai taɓa manta masa da ita ba. Ko sisi Ɗalha bai kashe ba.

Sai hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, shi ne ya sa na ce al'amarin na gaggawa ne. Ana buɗe ƙofofin Aljanna ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk bawan da ba ya shirka, sai mutumin da ke da gaba tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai a ce a jinkirta wa waɗannan biyun har su shirya. Ki ƙirga Litinin da Alhamis nawa ke cikin wata takwas.

Yanzu ga naki haƙƙin. Ayar Suratur Rahman, ta 60, wadda aka karanta muku kan sakamakon kyautatawa, gaskiya ce, kuma addininmu bai ɗauki butulci da wasa ba. Nana A'isha ta ce Annabi yana karɓar kyauta kuma yana saka wa a kanta. Ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Dubi Muɗ'im bin Adiyyi, wanda ya ba Annabi mafaka ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya kuma mutu bai musulunta ba. Bayan Badar, Annabi ya dubi fursunonin yaƙi ya ce da Muɗ'im na raye ya yi masa magana a kansu, da ya sake masa su. Alherin mushriki ma bai manta ba. Saboda haka idan kin ji a ranki cewa wadda kika yi wa jinya ya kamata ta fi kowa tsayuwa a bikinki, ba ki ji abin da ya saɓa wa addini ba.

Amma abin da kika lissafa iri biyu ne, kowanne da hukuncinsa. Imam Malik ya kawo maganar Sayyidina Umar a Muwaɗɗa: wanda ya yi kyauta don sada zumunci ko a matsayin sadaka, ba ya komawa kanta, wanda kuwa ya yi kyauta ana ganin sakamako yake nema da ita, yana nan a kan kyautarsa, zai iya karɓe ta idan ba a gamsar da shi ba. Kwanakin da kika yi a asibiti, kina ɗaga ta kina kwantarwa, kina wanke mata jariri, suna cikin kashi na farko. Babu turmin atamfar da zai biya su, kuma ba na jin lokacin da kike yi kina tunanin auren ɗiyar da ba a ma sa ranarsa ba. Don Allah kika yi, wurinsa za ki nema. Biki kuwa, mu faɗi gaskiya tsakaninmu mata, yana cikin kashi na biyu. Da kyauta ce zalla da ba a ajiye yarinya da littafi da biro a gefen uwar amarya tana rubuta suna da adadi ba. Mazhabarmu ta san irin wannan kyautar ta neman sakamako, kuma Risala ta faɗi abin da ke kan wanda aka ba: ko ya saka da ƙimarta, ko ya mayar da ita, idan ta salwanta ya biya ƙima. Don haka ba ƙarya kika yi ba da kika ji kina bin ta wani abu.

Ki lura dai, ƙima aka ce. Ninkin nan da muka mayar al'ada, ki ba ni goma in mayar miki ashirin, ki dawo mini da arba'in, har wata rana ɗayanmu ta karye, ba daga littafi ya fito ba. Tunda malamai sun ɗauki kyautar neman sakamako kamar ciniki, to kuɗi a ba da kuɗi da sharaɗin ƙari ya leƙa ƙofar riba. Ibn Abbas ma ya fassara aya ta 39 a Suratur Rum da irin wannan, mutum ya ba da kyauta don a mayar masa da fiye da ita, Allah ya ce ba ta ƙaruwa a wurinsa. Wanda ya mayar da fiye don ransa ya so, ba don an sa masa ido ba, wannan shi ya yi kyau.

To mu ɗauka bashi ne tsantsa, da shaidu da rubutu. Me Allah ya ce kan wanda ake bi? Aya ta 280 a Suratul Baƙara: idan yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, ku yafe kuma shi ya fi muku alheri. Kin ambaci albasar mijinta a rabin jimla kin wuce, ni kuwa nan na tsaya. Duk wanda ya san harkar albasa a ƙasar nan ya san mutum kan zuba jarinsa gaba ɗaya ya ajiye ta yana jiran ta yi kuɗi, zafi da danshi su cinye ta a ajiye, ya tashi da bashi a wuya. Ƙara da cewa tun da aka janye tallafin mai a 2023 gidaje da yawa da ke cin sau uku sun koma lissafi. Za ki ce 50,000 ɗin 2021 ma ta fi ta bana daraja nesa ba kusa ba. Haka ne, sai dai tsadar da ta cinye darajar kuɗin ita ce ta cinye abin hannun facalarki. Ankon da kika kafa hujja da shi ni bai gamsar da ni ba. Mata nawa ke karɓar anko bashi don kada a ce ba su yi ba? Kuma ankon bikin wa ta yi? Don ta fita kunyarki ta ɗinka shi. Da ta zo babu shi, da shi ma yana cikin wasiƙar nan.

Addini ya buɗe wa wanda ba shi da abin ramawa ƙofa. A hadisin Ibn Umar da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, Annabi ya ce wanda ya yi muku alheri ku saka masa, idan ba ku sami abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun saka. A wani hadisin, na Usama bin Zaid a wajen Tirmizi, ya ce wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai shi "jazakallahu khairan" ya kai matuƙa wurin yabo. Sallama kuwa addu'a ce, neman aminci da rahama ne ga wanda aka yi wa. Mai yiwuwa abin da ya rage mata ke nan ta kawo miki, kika mayar mata da shi. Ita ma 'yar kular, akwai hadisinta. Annabi ya kira mata musamman ya ce, ya ku matan Musulmi, kada maƙwabciya ta raina wa maƙwabciyarta kyauta ko da ƙofaton akuya ne. Ya kuma ce da za a ba shi kyautar ƙafar dabba da ya karɓa.

Inda na ga laifinta shi ne rashin magana. Da ta zo kafin biki ta ja ki ɗaki ta ce, Yaya, kin san halin da muke ciki, ga abin da ya samu, ki yi haƙuri, da duk wannan bai faru ba, don na tabbata wadda ta kwana a asibiti saboda ita ba za ta kasa yi mata uzuri ba. Ta bar ki kina tsammani, ta ɗunƙula miki a hannu ta sulale. Wannan kuskure ne. Amma wadda ke ɗunƙula kuɗi don kada a gani, ta kuma gudu kafin a buɗe littafi, ta fi kama da mai jin kunya, ba mai raini ba. Mai raini ba ya bin mutum da sallama.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki shi ne inda kika ce kin faɗa wa 'yan'uwa abin da kika yi mata. Wannan gori ne, Hajiya, ko da cikin kuka kika faɗa. Aya ta 264 a Baƙara ta ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa, ta kwatanta mai yin haka da falalen dutse mai ɗan turɓaya a kai, ruwa mai ƙarfi ya sauka ya bar shi fayau. Jinyar nan ita ce mafi tsadar abin da kike da shi a wannan labari, ita kuma kika sa a hatsari don ki nuna an ci miki 40,000. Sannan kin tona asirin gidan ƙanen mijinki, kowa yanzu ya san ba su da shi. Da istigfari da neman yafiyarta ake gyara wannan, kuma waɗanda kika faɗa wa ki koma musu ki ce kin yi gaggawa, kin gane uzurinta. Kada ki tsallake wannan, don maganar tana nan tana yawo ko da ke kin daina.

A Bukhari akwai hadisin da ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, mai sada zumunci shi ne wanda idan an yanke masa sai ya sadar. Zumuncin ki-ba-ni-in-ba-ki kowa ya iya shi. Ke yanzu ba a ma yanke miki ba, miƙo miki ake yi.

Rantsuwar da kika yi kada ta zame miki turke. Annabi ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga waninta ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba, ɗan'uwansa matalauci da ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana cewa su yafe su kau da kai, ba ku so Allah ya gafarta muku? Ya ce wallahi ina so, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Wannan a kan mutuncin 'yarsa ne, ba a kan kula ba. Ita kanta Nana A'isha ta taɓa yin bakance ba za ta ƙara magana da ɗan yayarta Abdullahi bin Zubair ba, kan wata magana da ya faɗa game da yadda take kyauta da dukiya. Miswar bin Makhrama da Abdurrahman bin Aswad suka lulluɓe shi cikin mayafansu, suka yi mata sallama suka ce mu shigo? Ta ce ku shigo. Suka ce dukanmu? Ta ce dukanku, ba ta san yana ciki ba. Ya faɗa jikinta yana kuka, su kuma suna tuna mata hadisin kwana uku, har ta yi masa magana, ta 'yanta bayi 40 saboda bakancen. Ke kaffararki mai sauƙi ce, tana aya ta 89 a Suratul Ma'ida: ki ciyar da miskinai 10, kowanne mudu ɗaya da mudun Annabi na abincin da kuka saba ci, ko ki tufatar da su. Azumin kwana uku na wanda ba shi da halin waɗannan ne. Mata da yawa kan yi tsalle su kama azumin alhali akwai shinkafa a ɗaki, wannan bai isar ba.

Yara kuwa ki sake su tun yau. Gidan baffansu ne, jininsu ne, ba su ci bikin kowa ba. Yaron da aka koya wa wuce babba ba gaisuwa, ba a kan Innarsa kaɗai zai tsaya ba.

Saƙonta na waya ki buɗe ki amsa yau ɗin nan, cikakkiya har wa barakatuh. Sallamar da aka aiko a rubuce ko ta bakin ɗan aike ana amsa ta. Annabi ya isar wa Nana A'isha sallamar Mala'ika Jibrilu ta amsa. Hotunan barka da Juma'a da ake watsawa a zauren dangi na WhatsApp hukuncinsu daban, idan akwai sallama a ciki wani ya amsa ya wadatar. Nata kuwa da sunanki ta zo. Amma kada ki ɗauka da wannan an gama. Risala ta ce sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, ta kuma ƙara da cewa bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. An ruwaito daga Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, cewa idan rashin maganar yana cutar da ɗayan, sallama kaɗai ba ta yanke gabar. Ku da kuke gari ɗaya, kuɗin Keke Napep ne tsakaninku, zumunta a ƙafa take.

Ki gaya wa maigida za ki je. Ki zaɓi lokacin da mijinta ba ya nan, don kada ki ƙara masa nauyi. Idan kina jin ƙafarki ba za ta iya shiga ita kaɗai ba, ki tafi da uwar mazajenku in tana raye, ko wata dattijuwa a dangi wadda bakinta ke da nauyi, ba cikin waɗanda suka kai maganar suka kawo ba. Kada ki riƙa babbar kyauta, wani sabon bashin za ki ɗora mata. Ɗan abinci a kwano ko sabulu ya isa. Ki yi sallama, ki tambayi lafiyarta da ta ɗiya, ki ce kin zo ne ki nemi yafiya kan maganar da kika yi a bayanta da sallamar da ba ki amsa ba. Ki tsaya nan. Kada ki bi shi da "amma ke ma", kada ki ambaci asibiti, kada ki ambaci adadi. Idan ta kawo uzurinta ki karɓa. Idan tana da nata ƙorafin ki saurara, don wata takwas ita ma ta tara.

Ba a ce dole ku koma cin abinci kwano ɗaya ba. Idan kin ga hulɗar biki da ita tana jawo miki ɓacin rai, kina da damar ki rage, ki ba da abin da ba za ki waiwaya ba idan ya tafi. Abin da ba ki da dama a kansa shi ne gaisuwa, da duba ta idan ba ta da lafiya, da zuwa mata idan an yi mata rasuwa ko haihuwa. Tana iya karɓarki da sanyi-sanyi ranar farko, don an ƙi amsa mata a gaban mata, wannan ba ya gogewa a zama ɗaya. Kada ki ce kin yi naki ki sake naɗe tabarma. Ki ci gaba da yi mata sallama duk inda kuka haɗu, da murya yadda za ta ji, ki tura yaran su gaishe ta ranar Juma'a. Sunanta kuma da ke littafin bikinki, ki ja masa layi, ki gaya wa ɗiyarki an biya, don kada ita ma ta gaji lissafin.